Ƙarfen da Babba Ya Kafa

Shekara ashirin da shida Babba ya yi yana walda a kan layin nan, kuma babu tagar da za ka nuna a unguwar ka ce ba aikin hannunsa ba ce. A wancan lokacin unguwar ba wurin wasa ba ce. In ka tare mai tasi ka faɗa masa inda za ka, sai ya ce mai ya ƙare masa. Da rana tsaka ake fizge wa mace jaka. Shanya kuwa, sai dai ka ɗauko kujera ka zauna kana gadinta har ta bushe. To a irin wannan wuri, wa ya kai mai walda daraja? Mutum zai kama haya, kafin ya sayi katifa sai ya zo ya gaishe da Babba.

Kuma yana da irin aikinsa da ba wanda yake yi. Sauran masu walda kusa suke bugawa su ɗaure ƙarfen taga a jikin bango, ɓarawo ya zo da ɗan ƙarfensa ya ɓanɓare. Babba fasa bangon yake yi, ya tono rodin da ke cikin kankaren ginin, ya haɗa nasa ƙarfen da shi ya narke su wuri guda, sannan ya mayar da siminti ya shafe. In ya gama sai ya ɗage tabaran waldarsa, ya doki ƙarfen da tafin hannu ya ce, "Wanda zai cire wannan, sai dai ya tafi da gidan gaba ɗaya." Kowa a layin ya haddace maganar, mai aski har kwaikwayon muryarsa yake yi.

Shagonsa na cikin wani dogon gini mai shaguna takwas a jere, kowanne da ɗakuna biyu a baya. Ɗaki ɗaya nasa, tunda matarsa ta rasu 'yarsa kuma ta yi aure, ɗayan na mahaifiyarsu, Inna. Tun rasuwar mahaifinsu take wurinsa, kuma babu abin da yake taƙama da shi kamar wannan. In dangi suka tambayi Inna, sai ya gyara zama ya ce, "Tana wurina mana. Da ina za ta kasance?"

Yana da ƙane guda, Auta, wanda ya ba shekara goma sha huɗu. Shi ya koya masa riƙe kan walda, amma idon Auta bai jure wutar ba, kullum yana hawaye, sai ya bari ya koma yankan gilashi. Ranar da ya kama wani ɗan lungu a tsallaken titi ya rubuta "mai gilashi" a jikin allo, layin nan an sha dariya. Gilashi? A unguwar da ake gaisawa da dutse? Shekaru ya yi yana yanka wa masu aski madubi da gilashin hoton bango, abincin rana kuma a shagon Babba yake ci. Babba yana son Auta a lokacin, so na gaskiya. Yakan tura masa kwanon ya ce, "Ci, ɗan madubi, ci ka ƙoshi," yana jin daɗi har cikin ransa.

Sai duniya ta juya. Aka shimfiɗa sabuwar kwalta, aka kafa fitilu, aka buɗe ofishin 'yan sanda a tsohon sito. Tsohuwar masana'antar da yara 'yan daba suke kwana a ciki aka wanke ta aka yi mata fenti, ta koma gidajen haya hawa huɗu. Baƙi suka fara shigowa, masu jan kare da igiya, masu hawa keke alhali suna da mota. Ranar farko da mai aski ya ga ɗaya daga cikinsu ya taho a guje da sassafe, sai ya ja ƙofar shagonsa ya kulle, yana tambayar me ya biyo shi. Ashe motsa jiki bawan Allah yake yi.

Su kuma waɗannan mutanen, abu ɗaya suke so, haske. Duk wanda ya kama gida, farkon abin da zai ce shi ne a cire masa ƙarafan nan, sun mayar masa da ɗaki kamar kurkuku. A saka gilashi, babba, daga sama har ƙasa. Cikin shekara guda Auta ya bar lungu ya kama shago mai ƙofa biyu daidai saitin na Babba, ya ɗauki ma'aikata, ya sayi motar ɗaukar gilashi. Ya daina zuwa cin abincin rana, ba don raini ba, don babu lokaci. Sai ma ya koma aiko wa Inna da leda cike da kaya duk mako.

Babba ya zauna a bakin shagonsa, injin a kashe, yana kallo. Hassada ce, ba wani suna da za a ba ta, kuma shi ma ya san ita ce. In motar Auta ta fito da safe gilasan suna walƙiya, sai ya kawar da kai. In ya ji baƙin nan suna ce wa Auta "Oga", sai ya ja tsaki ya tofar da yawu. Yaron da ko kan walda bai iya riƙewa ba!

Mai aski kuma ba ya raga masa. "Babba, yau ma hutu ne? Kai, ka more. Ko in je in yi hayar ɓarayi biyu su zo su farfaɗo maka da kasuwa?"

"Ka ji da kan da kake askewa," in ji Babba. "Ana nan za a gani. Dutse ɗaya ya ishi layin nan."

Kuma da gaske yake jiran dutsen. Kullum da safe sai ya goya hannu a baya ya bi layin daga farko har ƙarshe, wai yana miƙe ƙafa, alhali gilasan mutane yake dubawa. Wata safiya ya tarar da gilashin sabon gidan shan kofi ya tsage tun daga sama. Wallahi sai da ya ji sanyi a ransa, ya dawo yana ta murmushi shi kaɗai, har ya goge injinsa ya shafa masa mai. Kafin hantsi labari ya zo: tsanin mai gyaran wuta ne ya zame. Kafin la'asar Auta ya saka sabo, an sake ce masa Oga.

Ana cikin haka wakilin mai gida ya zo da takarda. Wani kamfani ya sayi ginin gaba ɗaya. Duk ɗan hayar da ya cire ƙarfen gaban shagonsa ya saka gilashi kafin ƙarshen wata, zai ci gaba da zama, shi da ɗakunan baya. Wanda bai yi ba, ya nemi wani wuri. Wakilin ya dubi gaban shagon Babba, inda sanduna tara masu kaurin damtse suka tashi daga ƙasa suka shige cikin kankaren saman ƙofa, ya girgiza kai.

"Malam, wannan ai ko banki sai haka. Kwana talatin ne fa, ba na son in dawo mu yi rigima."

Washegari Auta ya tsallako. Ya durƙusa ya gaishe da Inna, sannan ya fito ya tsuguna kusa da yayansa kamar yadda ya saba tun yana ƙarami.

"Yaya, alfarma na zo nema. Shaguna bakwai ɗin nan duk ni aka ba aikin gilashinsu. Amma ƙarafanka sun gagari yarana, kwana biyu suke yi a kan taga ɗaya. Kai ka kafa su, kai ka san kansu. Ka karɓi aikin cirewar gaba ɗaya, da na nan da na sauran gidajen. Aiki ne na shekara biyu ko fi."

Duk mai hankali zai ce Allah ya kawo. Amma Babba abin da ya ji daban. Ya ji cewa zai riƙa bin bayan motar Auta da injin a kafaɗa, ya yanke abin da ya kafa da hannunsa, ya share wuri, sannan Oga ya zo ya manna madubinsa a tafa masa.

"Wato lebura ka zo ɗauka."

"Haba Yaya, wane irin lebura?"

"Ni zan tsinke aikin shekara ashirin da shida don ka samu wurin liƙa kayan kwalliyarka? Tashi ka ba ni wuri. Ka je yaranka su ci gaba da fama, ai ka ce Oga ne kai."

Auta ya tashi. Ya je ya ɗauko wasu masu walda daga wata unguwa, aka fara yanka. Babba yana zaune yana jin kukan injin wasu a jikin ƙarfensa, shago bayan shago, kamar a haƙorinsa ake yi.

Abin da ya ƙarasa shi kuwa daga Inna ya fito, ita da ba ta san ta yi ba. Auta ya kama gida a hawa na uku a tsohuwar masana'antar, ya zo ya ɗauke ta ta wuni a can. Da ta dawo bakinta bai rufu ba.

"Babba, ka ga tagar yaron nan? Bango guda! Ina zaune ina ganin gajimare yana tafiya. Kuma ka san wani abu? Da kaina na zura zare a allura. Ni da na ɗauka idona ne ya mutu."

"Sai ki koma can ai," in ji shi, yana kallon ƙasa.

"Ji min ɗan nema. Daga yabon taga?"

Bai ci abinci ba ranar. Ya shiga ɗakinta da sunan duba fitila, ya tsaya yana kallon 'yar tagarta mai sanduna shida da raga a kai, wadda shi da kansa ya ƙara wa ƙarfe har sau biyu. Ya fito yana jin haushin kowa.

Saura kwana uku wa'adi ya cika, shaguna bakwai sun koma gilashi, na Babba kaɗai ya rage a tsakiya baƙi ƙirin. Auta ya sake tsallakowa, wannan karon da ma'aikata biyu ɗauke da wasu dogayen turaku na ƙarfe guda biyu. Suka jingine su a bango.

"Yaya, na san ba ka son ganina, amma ka saurare ni minti ɗaya. Gilashinka na yanka tuni, yana ajiye, kyauta ne. Wannan ba shi ya kawo ni ba. Ginin nan ya tsufa. Kankaren saman ƙofa, linta, duk ya ruɓe daga ciki, ƙarafanka ne suke riƙe da shi shekara da shekaru. A shagon tela muna yankewa ya fara saukowa, da ƙyar muka tare. Tun daga nan sai mun tokare da waɗannan kafin a taɓa komai. Don Allah in za ka yanke, ka tokare tukuna."

Babba ya ɗaga kai ya dubi lintar. Ya ga 'yar siririyar tsaga da ya daɗe yana gani yana kawar da ido. Mutum ne da ya san gini, cikin ransa ya san gaskiya yaron ya faɗa. Da mai aski ne ya faɗa, ko wani magini mai wucewa, da ya yi godiya. Amma daga bakin Auta? Kuma ga tela a tsaye, ga mai aski ya leƙo da almakashi a hannu?

"Kai za ka koya min ƙarfe?"

"Ba koyarwa ba ce, Yaya."

"Ni na saka maka kan walda a hannu kana kuka kana majina! Yau kai ne za ka faɗa min abin da ƙarfena yake riƙe da shi? Gilashinka ma ka riƙe kayanka. In zan saka, a cikin gari zan sayo, wurin waɗanda suka iya."

Ya miƙe ya kama turakun nan, ɗaya a kowane hannu, ya ja su ƙiii a kan sabuwar kwalta har tsallaken titi, ya watsar a ƙofar shagon Auta. Wata mata mai jan kare ta tsaya tana kallo baki buɗe. Auta ya juya ya koma shagonsa. Bai kuma ɗauke turakun daga inda aka yar da su ba.

Kwana biyu Babba yana cika yana batsewa. A daren ƙarshe Inna ta ce masa, "Ni dai ban san kan takardunku ba. Abin da na sani, a ɗakin nan nake so in ƙarasa kwanana. Sauran kai ka sani." Wannan maganar ce ta tashe shi da sassafe ranar talatin ga wata. Ya fito da Inna tsakar gida ta baya saboda ƙura, ya ajiye mata kujera, ya ja wayar wuta, ya saka sabon faifai a injin yanka. Zai nuna musu. Abin da ya ɗauki yaran Auta kwana biyu, shi kafin azahar zai gama, shi kaɗai, ba turke ba taimako.

Kuma a gaskiya aikin ya yi kyau. Ya san inda ya haɗa kowane ƙarfe kamar jiya ya yi. Na farko ya faɗi, na biyu ya faɗi, tartsatsi na tashi, mutane suka fara taruwa. Har baƙin nan suka tsaya suna ɗaukar hoto. Babba ya ji jininsa ya dawo, rabon da a taru a kansa haka har ya manta. Na biyar, na shida. Haske ya fara kwarara cikin shagon, ya ga kusurwoyin da bai taɓa gani ba.

Yana gama na bakwai ya ji wani ɗan sauti a sama, ƙas. Yashi ya zubo masa a wuya. Ya kashe injin ya ɗage tabarau. Tsagar nan ta buɗe, yatsa zai shiga.

Ya waiwaya. Turakun suna nan a tsallaken titi, taku ashirin bai cika ba. Auta yana tsaye a kansu, har ya sunkuya ya kama ɗaya, idonsa a kan yayansa, jira kawai yake a ɗaga masa hannu. Mai aski ya daina dariya. Kowa a layin na kallon Babba.

Ɗaga hannu kawai. Amma sai ya hango yadda za a ba da labarin: ranar da ƙarfe ya gagari Babba, ɗan madubi ne ya cece shi. Ya mayar da tabarau, ya kunna injin, ya ɗora a kan na takwas.

"Yaya!"

Bai kai rabi ba sandan ya lanƙwashe da kansa. Lintar ta karye a tsakiya ta sauko da wani irin gurnani, bulo suka biyo ta, ƙura ta turnuƙe. Babba ya yi tsalle baya, injin ya tafi ƙarƙashin ɓaraguzai. Tsaga ta bi bango a guje, ta ratsa silin, ta shige ɗakin Inna. Ya kutsa ta cikin ƙurar yana kiran sunanta, ya tarar Auta ya riga shi, ya zagaya ta baya ya rungumo ta daga kan kujera. Ba abin da ya same ta, sai salati take yi tana kakkaɓe mayafi.

Da azahar wakilin mai gida ya zo da injiniya. Injiniyan ya shiga ya fito bai yi minti biyar ba, ya karɓi gwangwanin fenti ya zana jan gicciye a bangon. Ba mai sake kwana a ciki. Wakilin ya ce kamfanin zai rushe wannan ɓangaren ya gina sabo, sabon kuma an riga an san wanda zai kama, ba Babba ba ne.

"Da kun tokare ai da ba a yi haka ba," in ji injiniyan. "Sauran bakwai ɗin wa ya yi? Shi ya san aiki."

Mai aski ma, da bakinsa ba ya shiru, juyawa ya yi ya koma shago.

A motar gilashi aka kwashe kayan Inna. Auta ya ce, "Yaya, akwai ɗaki, kai ma ka taho." Babba ya ce zai kwana wurin wani abokinsa, alhali shi kansa bai san wane aboki ba. Amma akwatin Inna na ƙarfe, wanda shi ya ƙera mata, ya hana kowa taɓawa. Ya ɗora a ka, ya tsallaka titi, ya hau matakala hawa uku yana haki.

Ya same ta har ta zauna a bakin tagar. Ashe ba ta yi ƙari ba, bango guda ce. Ya sauke akwatin. Bai san lokacin da ƙafarsa ta kai shi wurin ba, bai san lokacin da hannunsa ya hau gefen tagar yana aunawa da taƙi, ɗaya, biyu, uku, bakinsa yana lissafin sanduna nawa za ta ci.

"Kada ka soma," in ji Inna.

Ya tsaya, hannun a kan bango.

"Wannan ka bar min ita haka. Shekara ashirin ina kallon duniya a yanke-yanke ta tsakanin ƙarafanka, ban taɓa ce maka komai ba, don na san tsoro kake ji mana. Na gode, Allah ya yi maka albarka. Amma ya isa, Babba." Ta gyara zama, ta nuna masa kujerar da ke gefenta. "Zauna ka huta. Auta, kawo wa yayanka ruwa."

Ya zauna. Daga nan ana ganin layin gaba ɗaya, gilashi bakwai suna ɗaukar rana, da ramin da ke tsakiyarsu mai jan fenti. Sanda na tara yana nan a tsaye, bai ko karkace ba, shi kaɗai yake riƙe da abin da ya rage na bangon. Ya so ya nuna wa wani, ya juya, sai ya ga Auta a durƙushe a gabansa da kofi a hannu biyu. Ya daɗe yana kallon kofin kafin ya karɓa.